Rijiyar Alhaji Barau

Kwanon ruwa ɗaya ne ya ɓata maganar auren Ummu Salma.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Mas'ud ya taso daga Sabuwa tare da ƙanen mahaifinsa, Malam Audi, don Alhaji Barau na Ƙanƙara ya ce a turo masa yaron da ke son 'yarsa ya gan shi. Tun hantsi suke hanya, daga babur zuwa mota, daga mota zuwa babur. Suka iso leɓɓansu a bushe.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Alhaji da kansa ya tashi ya ɗebo ruwa a randa. Ba kowa yake yi wa haka ba.

"Ruwan rijiyar mahaifina ne," ya ce. "Shekara sittin ba ta taɓa ƙafewa ba. Ku sha."

Malam Audi ya sha, ya yi hamdala, ya miƙa wa Mas'ud. Mas'ud ya karɓa hannu biyu. Ya dubi ruwan. Ya ajiye kwanon a gefen tabarma.

"Na gode, Baba."

"Azumi kake?"

Da ya ce eh, da an wuce wurin. Malam Audi har taka masa ƙafa ya yi.

"A'a, Baba."

"To mi ya hana ka?"

Mas'ud ya sunkuyar da kai. "Baba, ruwan nan akwai cuta a cikinsa. Na gwada shi."

Yaran yanzu sun iya karatu, ba su iya zaure ba.

Mas'ud ɗan ajin ƙarshe ne a jami'a. Injiniyanci yake karanta, ɓangaren tace ƙazantaccen ruwa da sarrafa shara. Shekara biyar aka ce karatun, yajin aiki ya mai da shi bakwai. Aikinsa na kammalawa shi ne ya ɗebi ruwan rijiyoyi arba'in a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya kai ɗakin gwaji. A wajen wannan yawo ya haɗu da Ummu Salma, malamar firamare, ranar da ya je ɗibar ruwan makarantarsu. Ita ce daga baya ta cika masa kwalba da ruwan gidansu, ba da sanin kowa ba.

Cikin rijiyoyi arba'in, tasu ce ta fi muni.

Dalilin kuma a fili yake. Shekara uku da suka wuce Alhaji Barau ya gina wa masallacin unguwa masai da kuɗinsa. Ramin yana bayan katangar gidan. Tsakaninsa da bakin rijiyar taku goma sha ɗaya ne.

Mas'ud ya faɗi wannan duka, a hankali, idonsa na ƙasa.

Alhaji bai katse shi ba. Da ya gama, ya juya wajen Malam Audi.

"Malam, ɗanku ya ce sadakata ta kashe sadakar ubana. Ya ce kashi nike shayar da unguwa. Ku tashi, kada dare ya yi muku a hanya."

"Alhaji, yaro ne..."

"Ku tashi."

Ya ɗauki kwanon da aka ƙi sha, ya shanye a gabansu, ya kife shi.

A bakin tasha Malam Audi ya huce a kan ɗan wansa.

"Kai wane irin mutum ne? Kurɓa ɗaya! Ko leɓe ka jiƙa! Mu da muka sha mun mutu ne?"

"Baba, in na sha na yi shiru, gobe da wane baki zan ce su daina?"

"Aure ka zo nema ko wa'azi? Shekara bakwai ana kashe maka hatsi, abin da ka koyo ke nan, leƙen masan mutane!"

*

Ummu Salma tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin da mahaifinta ya shigo. Ta ga fuskarsa, rariyar ta tsaya a hannunta.

"Wa ya ba shi ruwan rijiyata?"

Hajiya Larai, mahaifiyarta, ta fito daga ɗaki da sauri. "Alhaji, lafiya?"

"Ba ke na tambaya ba. Ummu, wa ya ba shi?"

"Ni ce, Baba."

"Ke."

"Baba, Inna sau huɗu tana kwanciya da taifot bana. 'Yar Yaya Adama kullum gudawa. Na ce bari a duba ne kawai..."

"A duba. Kika ɗauki asirin gidanku a kwalba kika ba baƙo. Shekara ashirin da huɗu kina shan ruwan nan, da shi uwarki ta yi wankan jegonki, yau shi ne ƙazanta?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba cikin garin. "Ka yi haƙuri, Baba. Wallahi bai yi don ya raina ka ba."

"Ban taɓa yi wa ɗiya tilas ba, ke ma ba zan yi miki ba. Ki kawo wanda kike so. Amma wanda ya ƙi ruwana bai shan inuwata. Na gama."

Ya fita. Hajiya Larai ta ja 'yarta ɗaki. A bayan ƙofa akwai wata babbar tukunya da murfi. Wata uku ke nan a ɓoye take tafasa ruwan shanta, ta ce wa mijinta na jiƙon magani ne.

"Ni ban ce ƙarya yaron ya yi ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma gaskiya ma ana sa mata riga kafin a shigo da ita zaure."

*

Kafin sati labari ya kai Faskari. Kamilu ya ji.

Kamilu ɗan aminin Alhaji ne, dillalin masara, mai sabuwar mota da yawan turare. Shekara biyu yana neman Ummu Salma tana kauce masa. Ranar kasuwar Ƙanƙara ya faka a ƙofar gida, ya wuce kai tsaye bakin rijiya inda mata ke ɗiba. Ya karɓi guga da hannunsa, ya kafa kai, ruwa na zuba a shaddarsa.

"Kai! Zuma!" ya ce da ƙarfi, yadda na zaure za su ji. "Baba, wannan ruwa ko a Makka sai dai zamzam ta fi shi."

Alhaji bai yi dariya ba, amma ya matsa masa a tabarma.

Da yamma aka aika Ummu Salma ta gaishe shi. Ta tsaya nesa.

"Ranki ya daɗe, malama. Ina injiniyan masai? An ce a makarantarsu har jarrabawar sunsuna kwata ake yi."

"Ya fi mai sunsuna buhu ya ce sabuwa ce alhali ta bara ce."

"Ah, haba! Ni dai na sha ruwan gidanku, ga ni a tsaye."

"Ka dawo bayan sati biyu ka faɗa mini."

Ta juya ta shige. Tana shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta kira Mas'ud.

"Ka ga abin da ka ja mini?" ta ce. "Kamilu yana zaune a inda ya kamata ka zauna."

"Ummu, ki saurare ni."

"Na gaji da sauraro! Wata takwas ina lallashin Baba ya yarda ya gan ka. Ya ce ɗan ƙauyen da 'yan bindiga suka kora, ba gida ba aiki, na ce zai gama karatu. Ya ce karatun shara, na ce aikin lada ne. Ya yarda. Ka zo ka rushe komai da kwano ɗaya!"

"Kin ga takardar gwajin da idonki."

"Na gani. Takarda zan aura?"

Ta ji hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai?" ya ce. "Na iya zana wajen tace ruwan da zai ishi gari guda. Na ci jarrabawa a kai. Malaminmu ya ce aikina ya fi na kowa, ya sa shi a kabad ya kulle. Na kai wa masu unguwanni sakamakon rijiyoyinsu, wani ya ce Allah ke tsarewa, wani ya tambaye ni ko kwangila na samo. Rijiya ɗaya, Ummu, ɗaya, ta gidan da nake so in zama ɗansu, ita ma na kasa. To me na karanta?"

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi da ka sha. Ka sha, a ɗaura, sannan ka gyara a hankali."

"A hankali har yaushe? 'Yar yayarki watanta nawa?"

"Tara."

"Ni jikina zai ɗauka. Nata ba zai ɗauka ba."

Ta fashe da kuka. "To ni fa? Ni wa zai ɗauke ni? Kai kana da gaskiyarka, Baba yana da girmansa, ni ce a tsakiya kamar igiyar guga, kowa ja yake."

"Ki ba ni dama ɗaya. Akwai hanyar da ido zai gani, ba takarda ba."

"In ba ta yi ba fa?"

"Sai in san na rasa ki a kan abin da na sani, ba a kan abin da na ɓoye ba."

Ta kashe wayar ba sallama.

*

Limamin unguwa ne ya shiga tsakani, don Malam Audi ya yi sawu uku zuwa wajensa. Aka zauna a ƙofar masallaci bayan azahar, dattawan unguwa shida, da Kamilu wanda ba a gayyata ba.

Mas'ud ya fito da wata 'yar roba daga jaka. Gari ne a ciki, ja-ja kamar na bulo.

"Wannan rini ne da masu aikin ruwa ke bin sawu da shi. Ba ya cutarwa. In ya shiga ruwa kore yake komawa. Zan dama shi in zuba a ramin masai. In babu hanya tsakanin ramin da rijiya, ba za a ga komai ba. In akwai, ruwan rijiya zai nuna."

"Kwana nawa?" in ji Liman.

"Ya danganta da ƙasar wurin, Malam. Yana iya yin kwana uku, yana iya yin sati uku."

"Bakwai," in ji Alhaji Barau.

"Baba, bakwai ba lallai..."

"Kai ka ce ka sani. Wanda ya sani bai roƙon ƙari. Bakwai."

Kamilu ya yi dariya. "Injiniya ya fara neman hanyar gudu."

Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Sannan ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya.

"Ku shaida. In launi ya fito cikin kwana bakwai, na rufe rijiyar ubana, na ba shi ɗiyata. In bai fito ba, ya tsaya nan ranar Juma'a ya ce ƙarya ya yi mini, kuma kada in sake ganin ƙafarsa a unguwar nan. Ka yarda?"

Mas'ud ya san ƙasa ba ta aiki da ranakun mutane. Ya san rashin fitar launi cikin sati ba ya nufin ruwan na da kyau. Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga idon Malam Audi.

"Na yarda, Baba."

Ya dama garin a bokiti, ya zuba, ya bi shi da jarka goma ta ruwa. Yara suka taru suna toshe hanci suna yi masa waƙa. Ya wanke hannu ya kama hanyar makaranta.

*

Kwana ɗaya, ba komai. Kwana biyu, ba komai.

Kowace safiya Alhaji ne ke fara jefa guga, ya zuba a farin kwano, ya ajiye a ƙofar gida kowa ya gani. Ruwa garau kamar hawaye.

Kwana uku aka yi ruwan sama mai yawa. Mas'ud ya kira Ummu Salma yana murna, ya ce ruwan zai tura rinin. Kwana huɗu, garau.

Ran na biyar Kamilu ya aiko da buhun shinkafa da kwalin sabulu. Shi bai zo ba. Direbansa ya ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, da ciwon ciki. Hajiya Larai ta dubi 'yarta, 'yarta ta dubi ƙasa.

Ummu Salma ta daina cin abinci. A aji sai ta tsaya da alli a hannu ta manta abin da take rubutawa. Ba ta san me za ta roƙa ba. In ta ce Allah ya fito da launi, ta roƙa wa ubanta kunya. In ta ce kada ya fito, ta roƙa wa kanta rashi, ta roƙa wa jaririyar Adama ci gaba da shan abin da take sha.

"Inna, wace addu'a zan yi?"

"Ki ce Allah ya zaɓa. Ki yi shiru."

Da yammacin ranar Mas'ud ya kira, murya a dushe.

"Na sake lissafi. Ƙasar wurin tana da yumɓu. Ina jin sai ya kai kwana goma sha biyu."

"Yanzu kake faɗa mini?"

"Na so in faɗa a wurin, ba a bar ni ba."

"Kullum ba a bar ka ba! Ranar da ya kamata ka yi shiru ka yi magana, ranar da ya kamata ka yi magana ka yi shiru. Jibi za ka tsaya gaban masallaci ka ce kai maƙaryaci ne?"

"Ba zan iya cewa haka ba."

"Ka yi alkawari."

"Na sani."

"To Allah ya ba mu haƙuri," ta ce, ta ajiye.

*

Ran na shida, ana idar da sallar asuba Alhaji ya shigo. Gari ya fara wayewa. Ummu Salma tana bakin murhu tana hura wuta. Ta ji ƙarar guga ya faɗa, ta ji yana ja. Ta ji ya zuba a kwano.

Sai ba ta ji takunsa zuwa ƙofa ba.

Ta ɗaga kai. Yana tsaye, kwanon a hannunsa. Ya zubar, ya sake jefa guga. Ya sake zubawa. Ya matsa inda haske ya fi, ya karkata kwanon.

Ta taso a hankali ta tsaya bayansa.

Ba kore shar ba ne. Ɗan tsanwa ne kawai, kamar an wanke ganyen zogale a ciki. Amma a farin kwano ba ya ɓuya.

Babu kowa a tsakar gidan sai su biyu. Da ya zubar ya ce guga ne ya yi gansakuka, ba mai ƙaryata shi. Saura kwana ɗaya.

"Kin gani?" ya ce, bai juyo ba.

"Na gani, Baba."

Sannan ya je bakin katanga, ya sa duga-dugansa a gindinta, ya fara takawa zuwa rijiya yana ƙirgawa da leɓe. Ya tsaya a bakinta.

"Sau nawa kika ce uwarki ta kwanta?"

"Huɗu."

"Barau ƙarami, yaron gidan maƙwabcinmu Gide, mai sunana, da ya rasu bara da amai da gudawa. Nan suke ɗiba."

Ba tambaya ba ce.

Aka yi sallama a ƙofa. Matar maƙwabci ce da bokiti biyu, ta zo ɗiban safe kamar kullum.

"Koma," in ji Alhaji. "Ba a ɗiba yau. Ki faɗa wa sauran."

Ya jawo tsohon murfin ƙarfe da ke jingine shekara da shekaru, ya rufe bakin rijiyar. Ya shiga ɗaki ya fito da kwaɗon rumbu, ya datse. Sai da ya yi sau biyu kafin ya kama. Ya ɗauki kwanon da ruwan a ciki.

"Liman zan kai wa. Ni ban ɓoye abin da Allah ya bayyana."

Ummu Salma ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa. "Baba, ka yafe mana."

"Alkawari na ɗauka gaban mutane, zan cika. Na ba shi ke. Ya turo magabatansa."

Kafin ta yi magana ya ci gaba.

"Yaron ya yi gaskiya. Da ya same ni ni kaɗai ya faɗa mini, da yau ɗana ne. Amma a zaurena, gaban baƙo, ya ajiye kwanona a ƙasa. Daga yau kowa a garin nan in ya wuce ƙofata zai nuna ta ya ce ga gidan. Ki tahi gidanki da albarkata. Ki haihu, in sa wa ɗan suna. Sai dai ki sani, yadda ya ƙi ruwana, ni ma har in koma ga Allah ban shan ruwan gidansa."

"Baba! Kada ka ce haka, don Allah! Baba, gidana ne fa!"

Ya zare rigarsa daga hannunta, ba da ƙarfi ba. Ya nufi zaure da kwanon, yana tafiya a hankali kada ya zube. Ba ta taɓa ganin bayansa a ranƙwafe ba sai ranar.

Wayarta ta yi ƙara a bakin murhu. Ta bar ta har ta katse. Ta sake ƙara. Ta ɗauka.

"Ummu? Ban yi barci ba. Ya ruwan yau?"

Ta dubi kwaɗon da ke kan rijiyar kakanta. Ta dubi ƙofar da mahaifinta ya fita.

"Ya fito," ta ce.

"Allahu akbar! Ummu, ya fito? Kin gani da idonki? Na faɗa miki! Na faɗa..."

"Ka faɗa. Ka ci, Mas'ud." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ka karanta yadda ake tace ruwan gari guda. To ka taho da littattafanka. Akwai kwano ɗaya da za ka tace mini, har ubana ya yarda ya sha."